Ni likitanci nake so, maigida kuma mastas: tambayoyi da amsoshi kan zaɓen makaranta ga ma'aurata

Tun da na gama hausjob, wato aikin shekara ɗaya da sabon likita ke yi a asibiti bayan kammala karatu, nake shan tambayoyin nan, a gidan biki, a gidan suna, har a layin awo wata ta taɓa riƙe min hannun riga tana cewa Dakta dan Allah minti biyu. Ni da aurena na yi karatun likitanci, lokacin da na cika fom maigida shi ma yana neman mastas, to mun ɗan ga abin da muka gani. Shi ne na ce bari in haɗa tambayoyin da suka fi maimaituwa in amsa su gaba ɗaya. Yawanci mata ne ke tambaya shi ya sa za ku ga ina ta cewa ke, amma maza ma akwai naku a ciki.

Anti, wa ya kamata ya fara zaɓen gari, ni mai son likitanci ko shi mai mastas?

Ke. Kuma ba wai dan ina mace nake faɗa ba, ko shi ne mai likitancin ke ce mai mastas ɗin haka zan ce. Lissafi ne kawai. MBBS, wato digirin likitanci, a Najeriya shekara 6 ne in babu yajin aiki babu maimaita aji, kuma babu na wucin gadi, babu na ƙarshen mako, babu na intanet, kullum sai an gan ki. Mastas kuwa a takarda shekara ɗaya da rabi ne zuwa biyu, darussan aji ma yawanci semista biyu ne, sauran duk rubutun bincike ne da bin sufabaiza, wanda mutum zai iya yi yana zuwa yana dawowa. Sannan kusan duk jami'ar da ke da tsangayar likitanci tana da makarantar gaba da digiri, amma ba duk mai makarantar gaba da digiri ce ke da likitanci ba. In za a shirya ɗaki ai gado ake fara ajiyewa sannan a nema wa kujera wuri.

Inda kawai zan sassauta shi ne in kwas ɗin nasa irin wanda ba a samu ko'ina ba ne, ko kuma wurin aikinsa ne ya tura shi wata makaranta takamaimai kuma su za su biya. Nan sai a zauna a sake lissafi.

To wace makaranta ce ta fi kyau?

Wannan tambayar 'yan mata da samari ce, masu jaka ɗaya da katifa. Mai aure ba makaranta take zaɓa ba, gari take zaɓa, kuma a garin ma asibitin za ki duba ba ƙofar jami'a ba. Dalili, aji ɗaya zuwa uku ne kawai ake yi a ɓangaren lakca da ɗakin gwaji, daga aji huɗu zuwa shida rayuwarki gaba ɗaya ta koma asibitin koyarwa. A Zariya jami'ar ABU tana Samaru asibitin yana Shika, ba nisa sosai, amma in shi maigida shari'a ko harkar mulki zai karanta to Kongo zai dinga zuwa, ɗaya gefen gari kenan. A Kano BUK na da tsohon mazauni da sabo a titin Gwarzo, asibitin Malam Aminu Kano kuma yana titin Zariya, duk wanda ya san cunkoson Kano da safe ya san wannan ba ƙaramar tafiya ba ce. Jami'ar Abuja asibitinta yana Gwagwalada, in gidanku yana Kubwa ko Nyanya to wallahi kamar garuruwa biyu kuke. Jami'ar jihar Kaduna, KASU, tana amfani da asibitin Barau Dikko a tsakiyar Kaduna, Jos asibitinsu yana Lamingo, Jami'ar Tarayya ta Dutse tana da Rasheed Shekoni, ga Sakkwato, Maiduguri, Bauchi da Gombe duk da nasu asibitocin koyarwa.

Abin da nake ba mutane shawara, ku ɗauko takarda ku rubuta garuruwa uku ko huɗu da za ku iya zama shekara 6, a gaban kowane gari ku rubuta: akwai kwas ɗinsa? akwai wani namu da zai riƙe mana yaro? kuɗin haya nawa kusa da asibiti? Garin da ya cinye ukun nan shi ne makarantar da ta fi kyau a wurinku. Kar kuma ki manta ki duba sunan makarantar a jerin waɗanda MDCN, hukumar da ke kula da likitoci a Najeriya, ta amince da su, musamman sababbin nan da ake ta buɗewa, dan akwai wahala sosai a kai aji uku a tsaya jiran a zo tantance makaranta kafin a ci gaba.

JAMB ai tana ba da zaɓi na ɗaya da na biyu, in saka garinmu a farko garin da zai yi mastas a na biyu?

Kar ki dogara da zaɓi na biyu ko kaɗan. A likitanci waɗanda suka saka makarantar a zaɓin farko ma sun ninka guraben da ake da su, dan MDCN ce ke ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka, to wa zai waiwayi na biyu? A zahiri harsashi ɗaya gare ki a shekara. Abin da ke ɗan taimakawa shi ne bayan sakamako ya fito ana iya canza makaranta a ofishin JAMB ko cibiyoyinta, to in kin ga makinki bai kai na inda kika saka ba, ko kuma zuwa lokacin shi an kira shi a wani gari, sai ki canza tun kafin makarantar ta rufe rajistar tantancewarta.

Akwai kuma maganar yanki. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe ne kashi 45 cancanta, kashi 35 jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 jihohin da aka bari baya a ilimi. Jami'o'in jiha kuwa 'yan jiha suke fifitawa, a gurbi da kuma kuɗin makaranta. Nan ne matan aure da yawa suke shan mamaki, ke 'yar Katsina kina aure a Gombe shekara bakwai kin haifa musu 'ya'ya uku, amma takardar shaidar ƙaramar hukuma da kika cika a fom ita za a kalla, auren ɗan jiha ba lallai ya mai da ke 'yar jiha a idon ofishin admishan ba. Ki je da ƙafarki ki tambaya kafin ki cika.

Ina da digiri a Biochemistry, sai na koma aji ɗaya?

A'a, akwai shiga kai tsaye wato DE, a aji biyu za ki fara, shekara 5 kenan. Masu IJMB da JUPEB, wato karatun share fagen shiga jami'a, ma ta nan suke shiga. Sai dai guraben DE ba su da yawa, makarantu da dama sai mai sakamakon digiri na second class upper zuwa sama suke kallo, wasu kuma suna so a ce Turanci, Lissafi, Physics, Chemistry da Biology ɗinki na sakandare a zama ɗaya kika ci su. Na san waɗanda suka yi DE sau biyu ba su samu ba suka haƙura suka zauna JAMB ta talakawa da yaran da suka haifa, kuma suka samu. In kin taɓa yin bautar ƙasa da digirin farko ba za ki sake ba, wannan ma riba ce ta shekara guda.

Shi an ba shi admishan, ni har yanzu shiru. Ya karɓa ko ya jira?

Wannan ita ce matsalar da ta fi ci wa mutane rai, dan kalandar ba ta taɓa haɗuwa. JAMB wajen watan Afrilu ake yi, sunaye kuma sai su kai ƙarshen shekara ko ma shekara ta gaba ba su gama fita a CAPS, shafin admishan na JAMB, ba, ita kuma makarantar gaba da digiri nata lokacin daban, kowace jami'a da ranar da ta ga dama. Shawarata ya cika fom a gari biyu ko uku, kuɗin fom bai kai asarar shekara ba. In an ba shi a garin da kika saka zaɓin farko ya karɓa kawai ya fara, ko ba ki samu bana ba kin sake gwadawa baɗi kuna gari ɗaya. In wani gari ne daban ya tambaya ko suna yarda a jinkirta shiga zuwa zango na gaba, wasu suna yarda in an rubuta da wuri. Abin da ba na so shi ne mutum ya ajiye admishan a hannu saboda wanda bai zo ba, kuma ba a yi magana ba, sai bayan shekara uku a fara gori, ai saboda ke na bar kaza.

In na fara a wani gari ba zan iya neman tiransifa daga baya in koma inda yake ba?

A takarda ana yi. A aikace ki ɗauka babu. Makarantar da za ki koma sai tana da gurbi cikin adadin da aka ƙayyade mata, sai manhajarku ta dace, sai wadda za ki bari ta sake ki, kuma ko an yarda sau da yawa sai an mai da ke baya da aji. Kar ku gina gidanku a kan wannan.

Kano da Zariya ai ba nisa, ko Kaduna da Zariya, ba zan iya jeka-ka-dawo ba?

Shi zai iya, ke ba za ki iya ba. Kaduna zuwa Zariya wajen kilomita 80 ne, Kano zuwa Zariya kusan ninki biyun haka, mai mastas da ke da lakca kwana biyu ko uku a sati zai iya jurewa, ya kwana wurin aboki ya dawo. Ɗalibar likitanci kuwa ƙarfe takwas ake fara zagayen marasa lafiya, kuma kafin takwas ɗin ya kamata a ce kin ga mara lafiyarki kin san yadda ya kwana.

Bari in ba ku nawa. Ina aji biyar, muna ɓangaren mata da haihuwa, mu gidanmu ma cikin gari ɗaya yake da asibitin, kawai dai ɗaya ƙarshen ne dan a nan muka samu haya mai sauƙi kusa da makarantar maigida. Ƙarfe biyar na tashi, na dama kunu na zuba a fulas, na goya yarinya tana barci na kai ta gidan gwaggonsa, sannan na tsaya bakin titi jiran adaidaita farar rigata a ninke cikin leda dan kar ƙura ta ɓata ta. Ran nan aka yi ruwa babu abin hawa, na isa takwas da kwata, babban likita ya ɗago ya kalli agogon bango ya kalle ni bai ce komai ba, ya ci gaba da magana, amma da aka zo sa hannu a littafin halarta ya tsallake nawa. Sa hannu ɗaya ne fa, amma sai da na yi kwana uku ina kwana a ɗakin haihuwa kafin na cike gurbinsa. A watan nan muka tashi muka koma ɗaki biyu bayan asibiti, shi ya koma hawa mota biyu zuwa lakca. Da tun farko muka yi haka da mun huta.

Yawancin makarantu suna neman halartar kashi 75 kafin a bar ki ki zauna jarabawa, ga kwanan asibiti, ga fita ƙauye na wasu makonni a darasin lafiyar al'umma. Duk wannan ba ya haɗuwa da hanyar awa biyu.

Ya samu sikolashif zuwa Ingila, in bi shi in fara can ko in zauna in fara nan?

Da farko ki tabbatar ma za a bar ki ki bi shi. Tun watan Janairun 2024 Birtaniya ta hana ɗaliban mastas na aji kawo iyali, sai masu digirin bincike irin PhD ko waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Na biyu mastas a can shekara ɗaya ne, kafin ki gama sabawa da sanyi ya gama. Na uku kuɗin karatun likitanci ga baƙo a can ba na mai albashi ba ne, kuma sikolashif ɗinsa ba zai biya naki ba. To in shekara ɗaya ce ni dai na ce ki zauna ki fara, aji ɗaya ne ma mafi sauƙin a yi shi miji ba ya nan. In PhD ne na shekara 3 ko 4 to wannan magana ce babba, ko dai ki bi shi ki ɗage naki da sanin cewa kin ɗage, ko ku yarda da zaman nesa da zuwa hutu. Babu wanda zai yanke muku wannan, amma kar a ce miki muje kawai in mun isa ma ga yadda za a yi. Malaman jami'a kuma su sani TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, ta dakatar da tura mutane karatu waje daga farkon 2025, to da yawa a gida za su yi, wanda ga mai matsala irin tamu sauƙi ne ma.

Amurka fa? Muna can, shi zai nemi PhD ni kuma likitanci.

Can tsarin daban ne gaba ɗaya. Ba a shiga likitanci daga sakandare, sai kin gama digirin farko, kin rubuta jarabawar shiga likitanci ta MCAT, sannan shekara 4. Fom ɗin bai ɗaya ne a yawancin makarantu, AMCAS, ana buɗe shi a watan Mayu a fara turawa ƙarshen Mayu ko farkon Yuni na shekarar da ta gabaci shiga, kuma mutum ɗaya zai iya neman makarantu goma sha ko ashirin, ba irin namu na harsashi ɗaya ba. Masu PhD kuwa yawanci Disamba suke rufe fom. Kin ga kenan ke za ki riga shi da wata shida, to tun kafin Mayu ya kamata ya fitar da jerin jami'o'in da ke da malamin da yake so ya yi aiki da shi, ke kuma ki tara naki a garuruwan. Shi ya sa ma'aurata ke raja'a kan manyan birane masu makarantu da yawa, Boston tana da Harvard da Tufts da Jami'ar Boston, Philadelphia tana da Penn da Temple da Jefferson da Drexel, haka New York da Chicago. Ƙarshen wasan ma kusa yake, masu PhD da aka ba tallafi suna da zuwa 15 ga Afrilu su amsa, masu likitanci kuma zuwa 30 ga Afrilu su tsayar da makaranta ɗaya, shi zai fara sa hannu kenan da sati biyu.

Amma duk wannan ga mai takardar zama ce ko ɗan ƙasa. In ke baƙuwa ce makarantu kaɗan ne ke ɗauka, da yawa suna so a ce kin yi wasu darussan a Amurka ko Kanada, wasu har sai kin nuna kuɗin shekarun gaba ɗaya. Kuma bizar F-2 ta matar ɗalibi ba ta ba ki damar aiki ko cikakken karatun digiri, sai kin canza zuwa taki.

Sudan ko Masar fa, tunda can shi ma zai samu mastas a Larabci ko addini?

Da can wannan ce hanyar da ta fi haɗa ma'aurata 'yan arewa, shi yana karatunsa ita tana likitanci a Khartum, gida ɗaya. Yaƙin da ya ɓarke 15 ga Afrilun 2023 ya tarwatsa wannan, aka kwaso ɗalibai ta kan iyakar Masar, wasu suna ajin ƙarshe. Masar har yanzu ana zuwa, amma da dala ake biya, ki lissafa da canjin yau ki kuma ƙara, dan shekara biyar ko shida naira ba ta tsayawa wuri ɗaya. Duk wanda ya karanta a waje kuma sai ya ci jarabawar MDCN kafin ya taɓa mara lafiya a Najeriya, kuma ana faɗuwa sosai.

Albashi ɗaya zai ɗauki karatu biyu?

A jami'ar gwamnati da ƙyar zai ɗauka, in an rage buri. Akwai bashin karatu na gwamnati, NELFUND, da aka fara a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati, ke za ki iya nema, wasu jihohi kuma suna ba ɗaliban likitanci alawus in sun kai ajin asibiti bisa sharaɗin za su yi wa jiha aiki bayan gamawa. Ki karanta sharaɗin da kyau, dan zai iya ɗaure ki a jiharku alhali aikin miji yana wata. Masu zaman kansu irin Nile da Baze a Abuja miliyoyi ne duk shekara, abin da kike saya a can shi ne babu yajin aiki. Kuma ba ƙaramin abu ba ne, a 2020 an yi wata tara a gida, a 2022 wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, duk wanda ya tsara ni zan gama kaza kai ka fara kaza sai da lissafinsa ya rushe.

Haihuwa fa, in tsaya sai na gama?

Wannan tsakaninki da mijinki ne da likitarki. Abin da zan ce kawai, in da hali kar wata tara ɗin ya faɗo kan babbar jarabawar ƙarshen aji uku, wadda ake haɗa Anatomy da Physiology da Biochemistry, dan ita ce ta fi korar mutane. Ni a aji huɗu na haihu, kuma ba dan gwaggo ba da ban san yadda zan yi ba. Shi ya sa na saka dangi a lissafin zaɓen gari.

Ni namiji ne, ni zan yi likitancin, madam ce ke son mastas. Akwai bambanci?

Malam lissafin ɗaya ne, garinka za a bi. Bambancin shi ne mutane za su ce mata ta bari sai ka gama, kuma in ta biye musu shekara 6 ne, ga hausjob ga bautar ƙasa ga neman ƙwarewa, ba ranar gamawa. Ta fara nata tun kana aji ɗaya ko biyu lokacin da kake dawowa gida da yamma ka riƙe yara, dan in ka shiga asibiti kai ma baƙo za ka zama a gidan. Sannan a yi maganar wa zai ciyar da gida a fili, ɗalibin likitanci ba ya iya haɗawa da aikin ofis.

Bayan an gama shikenan an huta da rabuwar gari?

Ina fa. Hausjob shekara ɗaya ne kuma guraben asibitocin tarayya ta shafin MDCN ake nema, inda ya buɗe nan za ki kama, ba lallai garinku ba. Bautar ƙasa da sauƙi ga matar aure, NYSC tana mai da ke jihar da mijinki yake in kin kawo shaidar aure da takardun da suke nema, wadda kuma ta haura shekara 30 lokacin kammalawa takardar yafewa ake ba ta. Namiji dai ba shi da wannan gatan na aure, inda aka jefa shi nan zai je.

Surukata ta ce karatun likita ba na matar aure ba ne, shi kuma ya yi shiru. Ya zan yi?

Shirun nasa shi ne abin dubawa ba maganar Hajiya ba. Ki same shi ku biyu, ba a gaban kowa ba, ki tambaye shi kai tsaye ya yarda ko kunya yake ji, dan shekara 6 ba a yin ta da yardar kunya. In ya yarda to shi zai je ya yi wa mahaifiyarsa bayani, ba ke ba. Tawa surukar ma haka ta ce da farko, har ta aiko a faɗa min wa zai dafa wa ɗanta abinci. Yanzu duk wata sai ta turo min hoton takardar maganin hawan jininta a WhatsApp in duba mata ko likitan ya rubuta daidai.